Rawanin Balwan

Ranar da ya sauka Talatar Mafara
mun zaci sabon malami ne:
gemu har ƙirji, shuɗin rawani mai tsini a goshi.
Nomau ya durƙusa yana neman addu'a,
baƙon ya yi dariya ya buɗe akwatin ƙarfe.
Ba allo, ba tawada,
sai sufana da gwangwanin giris.

Balwan Sin, in ji takardarsa.
Injin ban-ruwa yake wa magani.
Ni ne yaronsa, ni ke riƙe fitila
in ya kwanta ƙarƙashin famfo a gonakin Bakolori,
awarwaron ƙarfen hannunsa na bugun bututu,
ƙwal, ƙwal, kamar maƙeri na gwajin lauje.

Na ce, ado ne? Ya ce tuni ne:
hannun da ya miƙa zuwa abin wani
ya ji sanyin ƙarfe ya dawo.
Na ce, Ubangijinku nawa?
Ya ɗaga yatsa ɗaya, baƙi ƙirin da man inji.

Da dare, sauro na cizonmu tare,
yakan ba ni labarin ƙasa mai koguna biyar,
alkama har inda ido ke gajiya.
Malamai goma suka gaji juna.
Na farko matafiyi ne, bai yarda
a ce wannan ɗan sama, wancan ɗan ƙasa ba.
Akwai wanda ya miƙa wuyansa ga takobi
don wasu su yi ibadar da ba tasa ba.
Na goma ya ce, bayana sai littafi.

Kakarsa fa, shekarar da aka tsaga ƙasar biyu,
ta bar rijiya da mangwaro a wancan tsallaken.
Har ta rasu mabuɗin gidan na ƙulle
a gefen mayafinta.
Nan yake yin shiru, in zuba masa shayi.

Lahadi yakan ɗora tukunya a ƙofar shago,
wake da gurasa, ba ya tambayar suna.
Sharaɗi ɗaya: kowa a ƙasa.
Na ga Marafa mai gona talatin
ya tattare babbar riga ya zauna kan tabarma
kafaɗa da kafaɗa da mai cire masa ciyawa,
yana fifita baki saboda barkono.

Shekara uku ban ga gashin kansa ba.
Iska ba ta gani ba, bare ni.

Sai daminar nan da aka saki ruwa da hantsi.
Ɗan Labbo, mai shekara shida, ya bi akuya
ya zame cikin babban magudani.
Mun yi ihu, mun nemi igiya, babu.
Balwan ya kai hannu ka.
Naɗi ɗaya, naɗi biyu, yana gudu yana warwara,
shuɗin ƙyalle ya miƙe a kan ruwa,
yaron ya cafka, mu huɗu muka ja.

Da na waiga, ga gashi ya zubo har baya,
furfura ta ci rabinsa,
gashin da reza ba ta taɓa sani ba.
Duk muka sunkuyar da kai.
Uwar yaron ta cire mayafinta
ta miƙa masa, fuskarta a juye.

Ya koma gida bara.
Sufanar na wurina, ni ke gyaran famfo yanzu.
Ɗan Labbo ke riƙe mini fitila,
kuma ran Lahadi ina ɗora tukunya,
ko da waken bai kai nasa daɗi ba.